Darasi na 7: Nazarin SWOT, Auna Kai Kafin Yanke Shawara

A ranar 19 ga Janairun 2013 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano, Alhaji Ado Bayero, hari. Ba a cika mako guda ba gwamnatin jihar ta hana sana'ar acaɓa. Dubban matasa da magidanta suka kwana da sana'a suka tashi babu. A cikinsu akwai gwanaye na gaske: wanda ya san kowane lungu daga Kurna har Hotoro, wanda babur ɗin nasa ne ba ya kai wa kowa balas, wanda yake da fasinjojin da ba sa hawa bayan kowa sai shi. Duk wannan bai hana dokar hawa kansu ba.

To amma dokar ba daga sama ta faɗo ba. Tun 2006 aka kori acaɓa daga tsakiyar Abuja. A 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri. A 2012 Legas ta taƙaita hanyoyin da 'yan acaɓa za su riƙa bi. A Kanon ma kanta, keken A Daidaita Sahu ya riga ya shigo tun zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Wanda ya lura da waɗannan alamu, ya fara ajiye wani abu ko ya koyi tuƙin keken, da dokar ta zo abin hawa kawai ya sauya. Wanda bai lura ba kuwa, ya kai babur kasuwa a lokacin da kowa ke kai nasa.

Wannan darasi zai koya maka yadda za ka zauna da takarda da biro ka duba irin waɗannan abubuwa tun ba su iso ƙofarka ba. Sunan hanyar nazarin SWOT. Haruffan nan huɗu farkon wasu kalmomin Turanci ne masu nufin ƙarfi, rauni, dama da barazana. Mutum ɗaya zai iya amfani da ita a kan rayuwarsa da sana'arsa, haka ma ƙungiya, makaranta, kamfani ko ma'aikatar gwamnati.

A Amurka ta samo asali, a shekarun 1960, lokacin da manyan kamfanoni suka dukufa wajen tsara abin da za su yi shekara biyar ko goma gaba. Masu bincike a Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Kalifoniya, cikinsu har da Albert Humphrey, sun yi aiki a kan wasu tambayoyi huɗu masu kama da waɗanda ake amfani da su yau. A Jami'ar Harvard kuma, Kenneth Andrews da abokan aikinsa sun fitar da littafin koyar da tafiyar da kamfani a 1965, inda suka nuna cewa tsari mai kyau shi ne wanda ya dace da abu biyu a lokaci guda: abin da kamfani ya iya, da abin da ke gudana a wajensa. Don manyan daraktoci aka ƙirƙiro ta, amma ba ta neman kwamfuta ko digiri. Mai shayi ma zai iya.

Buri tukuna

Yawancin masu yin wannan nazari suna tsallake matakin farko. Sai ka ga sun ja layuka sun hau cikawa ba tare da sun faɗi abin da suke nema ba. Ƙarfi kuwa ba ya amsa sunansa sai an san inda za a yi aiki da shi. Jin Larabci babban jari ne ga mai son fatauci zuwa Masar ko Dubai, amma ba zai ƙara wa mai son buɗe wurin wankin mota ko sisi ba.

Saboda haka a saman takarda ka rubuta buri ɗaya tak, tare da lokacin da kake son cim masa. "Ina son in ci gaba" ba buri ba ne, fata ne. "Ina son kafin azumin baɗi in bar shagon haya in koma nawa" buri ne, domin idan azumi ya kama kowa zai iya duba ya ga ko an yi ko ba a yi ba.

Gurbi huɗu

Yanzu ja layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ka ja wani a gicciye. Ka sami gurbi huɗu ke nan. Biyun sama na abubuwan cikin gida ne, wato ƙarfi da rauni. Biyun ƙasa na abubuwan waje ne, wato dama da barazana.

Ƙarfi shi ne abin da ka mallaka ko ka iya wanda zai kai ka ga burin: gwaninta, kayan aiki, jari, lafiya, kyakkyawar shaida, mutanen da suka amince da kai. Rauni shi ne abin da ya gaza a wurinka yake jan ka baya. Dama wani abu ne da ke faruwa a waje, ba kai ka kawo shi ba, amma za ka iya cin moriyarsa. Barazana ma daga waje take, sai dai ita cutar da kai za ta yi idan ta same ka ba shiri.

Wannan bayani yana da sauƙin haddacewa. Wahalar tana wurin layin nan na gicciye, wanda ya raba na ciki da na waje, kuma a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ga tambayar da za ka yi wa kowane abu kafin ka ba shi gurbi: idan na ɗaura niyya, ni da kaina zan iya canja wannan? In amsar e ce, na sama ne. In a'a ce, na ƙasa ne.

Ɗauki mai walda. Da ka ce ya faɗi rauninsa, zai ce rashin wuta. To rashin wutar lantarki ba rauninsa ba ne, don ko kwana ya yi yana fushi ba zai kawo ta ba. Barazana ce. Rauninsa shi ne ba shi da janareto, ko kuma bai taɓa tsara aikinsa ya dace da sa'o'in da aka saba kawo wutar ba. Kada ka ɗauki wannan bambanci wasa. Wanda ya zuba matsalolin waje a gurbin rauni ya wanke kansa ke nan, don zai tashi daga kan takardar yana ganin komai laifin gwamnati ne, shi babu abin da ya rage masa ya gyara. Akwai kuma kishiyarsa: wanda ya ɗora wa kansa laifin tsadar kaya ko faɗuwar darajar naira, ya yi ta cin ransa a kan abin da ba shi da iko da shi.

Kuskure na biyu a gurbin dama yake. Mutane sukan rubuta "buɗe shago na biyu" ko "fara sayar da kaya ta waya". Waɗannan ba dama ba ne, shawarwari ne da ka riga ka yanke a zuci kake neman takarda ta sa maka hannu. Damar ita ce sabuwar unguwar da ake ginawa bayan gari, wadda har yanzu ba ta da mai kayan masarufi. Ko za ka buɗe shago a can, wannan sai an gama nazari.

Na uku a gurbin ƙarfi yake, kuma shi ya fi daɗin aikatawa. Kowa yakan rubuta gaskiya, haƙuri da ƙwazo. Madalla, amma ƙarfi sai an gwada shi da na abokan gogayya. Idan duk telolin layinku sun iya kaftani, iya kaftani ba ƙarfinka ba ne, sharaɗin zama tela ne kawai. Tambayi kanka: me ya sa mai saye zai wuce shago uku ya zo nawa? Idan ka rasa amsa, ka gano wani rauni ke nan, sai ka rubuta shi.

Abu ɗaya, fuska biyu

Abin da ke faruwa a waje ba ya zuwa da tambari a goshi cewa shi dama ne ko barazana. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Ga masu injinan gyaran shinkafa a Kano da Kebbi, wannan kaka ce. Ga ɗan kasuwar da ke safara tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, musiba ce. Haka canjin kuɗi da aka sanar a Oktoban 2022, wanda ya jawo ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Mai kanti da ke da asusun banki, yana karɓar tiransifa, ya ci gaba da ciniki har ya kwashe masu sayen maƙwabcinsa. Mai tireda da bai taɓa shiga banki ba ya zauna yana kallon kaya. Abin da ya faru ɗaya ne. Abin da kowannensu yake da shi a gurabensa na sama shi ya raba su.

Ita dama kuma tana da wa'adi. Lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, layi ɗaya ya haura naira 10,000, don haka duk wanda ya kafa laima da tebur da waya a bakin titi yana sayar da kira ya sami abin yi. Da layi ya yi arha kowa ya mallaki waya, sai laimomin suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Masu wayo a cikinsu sun koma sayar da kati, ko gyaran waya, ko cajin batir. Don haka duk damar da ka rubuta, ka rubuta a gefenta tsawon lokacin da kake zaton za ta ɗauka.

Misali: wani tela

A ce ga wani tela a unguwarku, yana da keke biyu da yara uku masu koyo. Daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren salla ba ya barci, haka ma gab da babbar salla. Sauran watannin kuwa yana zaune yana sauraren rediyo. Burin da ya rubuta: cikin shekara ɗaya ya sami aikin da zai riƙe shagon a watannin da babu salla.

A karon farko ya cika gurbin ƙarfi da abu tara, gurbin rauni kuwa abu ɗaya kacal ya sa: rashin jari. Kusan kowa haka yake farawa. Rashin jari shi ne raunin da ba ya kunyata mai shi, shi ya sa ake son sa. Sai aka ba shi shawara ya je ya tambayi wanda ya daina kawo masa ɗinki. Ya daure ya je.

"Alhaji, kwana biyu ba na ganin ɗinkinka. Ko na yi laifi ne?"

"Haba Malam, ai ka san dalili. Sau biyu kana sa ni zuwa Idi da tsofaffin kaya. Hannunka yana da kyau, amma alkawarinka ba shi da rana."

Wannan amsa ta fi abu taran nan amfani. Da ya dawo ya sake zama, sai gurbin rauni ya cika da gaske. Yana karɓar aikin da ya fi ƙarfinsa don kada ya ce wa kowa a'a. Ba shi da littafin da yake rubuta wanda ya kawo, da ranar karɓa, da kafin alƙalamin da aka bayar. Kuɗin shago da kuɗin cefane aljihu ɗaya suke shiga. Gurbin ƙarfi kuma ya ragu zuwa abu uku da yake da shaida a kansu: yankansa yana zama a jiki, musamman na yara, shagon nasa ne ba haya ba, kuma yaransa biyu sun kai su haɗa riga su kaɗai.

A waje fa? Ya lura an buɗe makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu a unguwar, kowace da kalar kayanta, kuma sabbin ɗalibai suna shiga a watan Satumba. Wannan dama ce. Barazana kuwa ga ɗinkakkun kaya masu arha da ake shigowa da su daga Sin, ga gwanjo, ga farashin yadi da zare da ba ya zama wuri ɗaya tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023.

Akwai abu ɗaya da ya rasa inda zai sa shi: yaran da ya koyar sukan tafi da zarar hannunsu ya faɗa. Ku tattauna wannan a aji, don yana da fuska biyu. Buɗe shago da wasu ke yi suna jan yaran mutane da kuɗi, wannan barazana ce. Amma idan shekara uku yaro yana ɗinki ba ya samun ko kuɗin sabulu, tafiyarsa daga raunin maigidan ta fito. Irin wannan abu a raba shi biyu, kowane rabi ya tafi gurbinsa.

Haɗa gurabe

Da yawa a nan suke tsayawa. Sun cika gurbi huɗu, takarda ta yi kyau, sai a ninke ta a sa a aljihu. Alhali kuwa ba a fara aikin ba. A 1982 wani malamin Jami'ar San Francisco mai suna Heinz Weihrich ya fito da matakin da ya cike wannan giɓi: a ɗauki abu daga sama a haɗa shi da abu daga ƙasa, a ga shawarar da za ta fito.

Fara da ƙarfi da dama. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: da wane abu da ke hannuna zan kamo wannan damar? Telan nan ya iya yankan kayan yara, yana da masu haɗawa biyu, ga makarantu na neman kayan ɗalibai. Shawara ta fito da kanta: ya ɗinka samfuri ya kai wa masu makarantu tun watan Yuli.

Sai rauni da dama: wane rauni ne zai sa damar ta kuɓuce mini? A nan zai ga cewa mai makaranta ba Alhajin unguwa ba ne da zai yi fushi ya huce. In aka koma karatu kaya ba su iso ba, kwangila ta tafi har abada, labari kuma zai kai sauran makarantun. Ashe littafin rubuta alkawari ya fi neman kwangila muhimmanci, shi za a fara yi.

Sai ƙarfi da barazana. Ba zai iya karya farashin kayan Sin ba, kada ma ya gwada. Amma kayan Sin ba sa zuwa da kalar Islamiyyar unguwarsu, kuma ba sa auna yaro. A nan zai tsaya.

Na ƙarshe shi ne haɗuwar rauni da barazana, kuma shi ya kamata ka fi daɗewa a kansa, domin a nan ne sana'o'i suke mutuwa. Duba yadda zai kasance: an ba shi kafin alƙalami na kayan ɗalibai, kuɗin ya shiga aljihun cefane, bayan mako uku ya je Kantin Kwari ya tarar yadi ya tashi. Ga aiki ya karɓa a tsohon farashi, ga rabin kuɗin an ci. Babu ɗaya daga cikin abubuwan nan biyu da zai kayar da shi shi kaɗai, haɗuwarsu ce ke kayarwa. Maganin shi ne ranar da aka ba shi kuɗi, ranar zai sayi yadin gaba ɗaya. Wani lokaci kuma amsar wannan tambaya ita ce a fasa. Nazarin da ya hana ka shiga abin da zai cinye jarinka ya biya kuɗin takardarsa.

Kowace shawara da ta fito, a rubuta mata abu uku: wa zai yi, yaushe, da nawa. In babu waɗannan, ba tsari aka yi ba, hira aka yi.

Idan ƙungiya ce

Mu leƙa Kadawa da Kura a Jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya mai da noman rani babbar sana'a. Matsalar manoman tumatir a nan sananniya ce. Kowa yakan dasa lokaci guda, tumatir ya nuna lokaci guda, kasuwa ta cika, kwando ya faɗi warwas, wani ma ya ruɓe a gona ko a mota kafin a kai kasuwar Mile 12 ta Legas. Da damina ta kama kuma sai ya yi tsadar da uwargida za ta koma kauɗa.

A watan Maris na 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, wadda aka gina don ta riƙa cin tan 1,200 a kowace rana. Ga manoma, dama ce da aka daɗe ana jira. A wannan shekarar kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta auka wa gonaki, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Masana'antar ta tsaya bayan 'yan watanni saboda babu abin da za ta niƙa. Ka ga ko mai jari irin wannan, ƙarfin kuɗi da na injina bai rufe masa dogaro da amfanin gonar da ba a hannunsa take ba.

Yanzu a ce wata ƙungiyar manoma a wannan yanki ta zauna yin nata nazarin. Ƙarfinta: ruwa, gogewa, da yawan mambobi da zai ba ta baki wurin sayen taki da iri a sari. Rauninta: dasawa lokaci guda, rashin wurin ajiya, kwandon da ke matse tumatir, da karɓar bashin dillali tun kafin a tsinka, wanda ke sa shi ne zai yanke farashi. Damarta: tsadar da tumatir ke yi bayan wucewar kakarsa, da ƙarin harajin da gwamnatin tarayya ta ɗora wa markaɗaɗɗen tumatir na waje a 2017. Barazanarta: sharon, da kuɗin fetur na injin ban ruwa da na mota tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023. In suka haɗa gurabe za su iya yanke cewa a raba mambobi rukuni-rukuni, kowane da makon dashensa, a yi shanyar kauɗa a kan abin da aka ɗaga daga ƙasa don kada ta kwashi yashi, kuma kada kowa ya zuba gonarsa duka a tumatir, a bar wani ɓangare ga albasa ko alkama.

Rubuta wannan a littafi ba wuya. Fito da shi daga bakin mutane a taro shi ne aiki, saboda mu mutane ne masu kara. Idan shugaba ya fara magana ya ce ƙungiya lafiya lau take, wane ƙaramin mamba ne zai miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ma'aji bai karanta mana lissafi ba tun bara"? Don haka shugaba shi zai yi magana a ƙarshe. A raba 'yan takardu kowa ya rubuta nasa ba tare da sa suna ba. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya raɗa wa wanda ya amince da shi ya rubuta masa. In akwai mata a ƙungiyar kuma ba sa sakin jiki a gaban maza, su yi nasu zaman su kawo sakamako. A kuma nemi bakin na waje: direban da ke ɗaukar kaya, dillali, mai saye, malamin gona. Su suke ganin abin da 'yan gida suka saba da shi har suka daina gani.

Duk abin da aka faɗa a nemi shaidarsa. In an ce "muna da haɗin kai", a buɗe littafi a ga mutum nawa suka biya kuɗin wata, mutum nawa suka zo taro uku na baya. Bayan nan a tace. A zana abubuwan a ƙasa ko a allo, a ba kowane mamba ƙwayar wake uku ya ɗora a kan waɗanda ya ga sun fi muhimmanci. Abu uku da suka fi tara wake a kowane gurbi su za a riƙe, sauran a ajiye.

Wannan tacewa ba ƙa'idar banza ba ce. A 1997 wasu masana biyu a Birtaniya, Terry Hill da Roy Westbrook, sun bi diddigin kamfanoni 50, inda sama da 20 daga ciki suka yi nazarin SWOT da taimakon ƙwararrun da aka ɗauko haya. Abin da suka tarar shi ne dogayen jeri, a matsakaici sama da abu 40, da kalmomi na gama-gari, babu fifita wani a kan wani, babu binciken gaskiyar abin da aka rubuta. Mafi muni, babu wanda ya waiwayi sakamakon lokacin da aka zo yanke shawara. Har suka ba da ra'ayin a daina amfani da hanyar. A ganina sun yi gaskiya a kan cutar, amma ba hanyar ce ke ɗauke da ita ba. Kamfanonin sun tsaya ne a inda aka ce kada a tsaya. Duk da haka ka san iyakarta: ba ta lissafa maka riba da asara, ba ta gaya maka nawa za ka ranta. Wannan aikin kasafi ne, shi ne darasi na gaba.

Wani ɗalibi zai ce, duk wannan lissafi ina tawakkali? Ka tuna ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. Da aka san shekara bakwai na yalwa za su zo, bakwai na fari su biyo baya, ba zama aka yi ba. An tara hatsi a zangarniyarsa, aka kuma ɗora wanda ya iya tsaro da lissafi a kan taskokin ƙasa. Shiri ba ya kore dogaro ga Allah.

Takardar kuma ba a yin ta sau ɗaya a rataye. A sake ta kowace shekara, ko duk lokacin da wani babban abu ya auku: sabuwar doka, rasuwar abokin hulɗa, buɗe wata kasuwa kusa da taku. A sa kwanan wata a kan kowace, a ajiye tsohuwar don a gwada.

Tambayoyi da aiki

1. Wace tambaya za ka yi don ka gane ko abu na cikin gida ne ko na waje?

2. Sanya kowane ɗaya a gurbinsa, ka faɗi dalili, a matsayinka na mai sayar da ƙosai a bakin tasha: tashin farashin wake, rashin rumfa lokacin damina, za a mai da tashar bayan gari, direbobi sun san ka da tsabta, an buɗe makarantar kwana kusa da ku.

3. Kawo wani abu da ya faru a garinku cikin shekara biyar da suka wuce wanda ya zama dama ga wasu, barazana ga wasu. Me ya raba su?

4. Ku kasu rukuni na mutum biyar. Ku ɗauki wannan ajin namu na yaƙi da jahilci a matsayin ƙungiya, burinku shi ne kada kowa ya daina zuwa kafin ƙarshen zango. Ku cika gurabe huɗu, ku tace da wake, ku fitar da shawara biyu.

Aikin gida kuwa naka ne kai kaɗai. Rubuta buri ɗaya da wa'adinsa. Kada abin da ke kowane gurbi ya wuce uku. Kafin ka cika gurbin rauni, tambayi mutum biyu da ba sa jin nauyin gaya maka gaskiya, ɗaya daga gida, ɗaya daga wurin sana'a, kuma kada ka yi musu da su, ka rubuta kawai. Ka zo aji mako mai zuwa da shawara ɗaya da ta fito daga haɗa gurabe, da ranar da za ka fara ta, da abin da za ta ci. Ba za a sa ka karanta rauninka a gaban jama'a ba, shawarar kaɗai malami zai duba.